Me ya sa ake ce wa Kano Pillars "Masu Gida"?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum. Manya, ina da tambaya. Duk inda aka ambaci Pillars sai ka ji an ce "Sai Masu Gida!" Kirari ne kawai, ko akwai dalili? Kuma me ya sa da sun fita waje sai wasan ya yi sanyi?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ba kirarin banza ba ne, ɗan'uwa. An kafa ƙungiyar a 1990, bayan an haɗe ƙungiyoyin ƙwallo na WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Kafin nan Raccah Rovers ce ke riƙe da garin, har ta ci gasar ƙasa a 1978. Pillars ta ɗauki kofin lig a 2008, sannan ta jera 2012 da 2013 da 2014. Amma abin da ya ƙara wa sunan nauyi shi ne sun yi kusan shekara 12 ba a doke su a gida a lig ba, sai a 2015 da Nasarawa United ta ci su 2-1.

Mai Tuta:
Batun waje kuwa, hanya ce babbar matsala. Daga Kano zuwa Aba ko Fatakwal a bas, wuni guda ne cur, wani lokaci har da kwana. In an isa ana gobe wasa, cinyoyi sun sage, ba barcin kirki, ba a taka filin ba. Ga iskar kudu mai laima, wanda ya saba da busasshiyar iska yakan gaji da wuri, shi ya sa ƙwallon ke yawan shiga bayan hutun rabin lokaci. Kamata ya yi a isa saura kwana biyu: rana ɗaya a miƙe jiki, washegari atisaye mara nauyi a daidai lokacin da za a take wasa. Kuɗin otal ne ke hana yin hakan.

Alhajin Ƙofar Mata:
Mai Tuta, ba kullum ba dai. A 2009, a gasar Zakarun Afirka, an tashi 1-1 da Al Ahly ta Masar a Kano, aka je Alƙahira aka yi 2-2, yawan ƙwallayen da Pillars ta ci a waje ya fitar da Al Ahly mai riƙe da kofin Afirka. Har wasan kusa da na ƙarshe suka kai, Heartland ta Owerri ta tsayar da su.

Gidan ma yakan zama matsala. A 2022 rikicin 'yan kallo a wasan Katsina United ya jawo wa Pillars tarar kuɗi da cire maki uku, aka kuma hana su wasa a filin Sani Abacha. A kakar 2022 ɗin suka faɗi daga rukunin ƙwararru, sai 2023 suka dawo.