Neman kalma: me za mu kira "rishes" a injin turbo?

Malamin kanikanci, Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Masu gareji da masu gyaran famfo, taimakonku nake nema a kan kalma guda. A garejojin Damagaram kowa "rishes" yake cewa, ko ka ji an ce melanj ya yi "rish", ko ya yi "pobur". Abin nufi shi ne yawan man da ke shiga silinda idan an gwada shi da iskar da ke ciki. Kilo 1 na gazuwal sai ya samu iska kilo 14 da rabi yake ƙonewa ƙurmus, isansi kuma kilo 14.7. In aka juya kalmomin kai tsaye a ce "mai arziki" da "matalauci", yaron gareji ba abin da zai ɗauka. Ni abin da ya zo mini shi ne mu ara daga damun kunu: "ya yi kauri", "ya tsinke". Me kuka gani?

Mai gyaran famfon gazuwal, Zango:
Wa alaikumus salam, Malam. Kunun ya yi daɗin ji, amma zai ɓatar da yara. Kauri yana da mai shi a gareji: man inji ne, 15W40 da ƴan uwansa. Ka ce wa yaro "ya yi kauri", wurin juye mai zai nufa. Ga kuma masu rubutu a waya da ba sa sa ƙugiya, kauri da ƙauri duk ɗaya suke fito musu, alhali dukansu ana maganarsu a kan inji.

Babban dalilin ma ba wannan ba ne. Injin gazuwal ba ya dama komai kafin silinda. Iska zalla yake shaƙa, fistan ya matse ta har zafinta ya haura digiri 500, sannan anjektar ta fesa mai ya kama da kansa. Abin da hannunmu ke taɓawa a famfo shi ne yawan wannan feshin. Don haka ni "awon mai" zan ce. Awo ya yi yawa, awo ya gaza.

Maigidan gareji, hanyar Tanut:
Awon mai ya zauna. Sai dai yana bukatar abokin tafiya, don yawan mai shi kaɗai ba ya nuna komai sai an ce da wace iska. Awon da ya yi daidai da safe a sabuwar filta, shi ne zai yi yawa da rana tsaka a toshasshiya.

Ku lura, injin gazuwal ba ya taɓa tafiya a kan 14 da rabin nan. A ralanti, wato inji na aiki ba a taka totur ba, iska na iya kai ninki 80 na mai ko fiye. Kamiyo da kaya tana hawa, yakan sauko wajen 20 zuwa 25. Da ya yi ƙasa da 18 ko kusa da haka, baƙin hayaƙi ya fara, ko da a lissafi iskar ta isa, saboda feshin ba ya samun lokacin da kowane ɗigo zai haɗu da rabonsa. Kalmar da muke yi wa wannan a baki ita ce "mai ya rinjayi iska". Ina ganin a rubuta "rinjayen mai" a madadin rish, "rinjayen iska" a madadin pobur.

Kuma Malam, don Allah a ja wa yara kunne a nan. A injin isansi mai turbo, rinjayen iska ne ke narka fistan, shi ya sa ake ƙara mai idan turbo ya tashi, har iska ta sauko wajen ninki 12 na mai ko ƙasa kaɗan. A na gazuwal akasin haka ne: ƙarin mai shi ne ƙarin wuta. Wanda ya ɗauko dokar isansi ya kai wa gingimari, ya kashe wa mai mota inji.

Ɗalibin kanikanci:
Iyayena, ina kwananku. To ita iskar da turbo ke turawa fa, "presiyon" ɗin, ya za a ce mata?

Maigidan gareji, hanyar Tanut:
Ɗana, je ka maƙera ka duba. Aikin zugazugi turbo ke yi, bambancin kawai hayaƙin injin ne ke juya shi, fiye da sau 100,000 a minti. Turbo a bar masa sunansa, ya riga ya bi baki. Abin da yake turawa kuwa "zuga" ne. Zuga ta kai bar 1 (bar shi ne ma'aunin matsin iska), zuga ta faɗi, zuga na zurara.

Mai gyaran famfon gazuwal, Zango:
Zuga ta yi, Maigida, kuma ta sauƙaƙa bayanin LDA, wannan gwangwanin da ke kan famfon Bosch mai siririn tiyo daga manifol, bututun da ke raba wa silinda iska. A cikinsa akwai fatar roba, sifirin a ƙarƙashinta, da sanda. Kafin zuga ta zo, sifirin na riƙe da fatar a sama, famfo ba ya sakin cikakken awo ko an take totur har ƙasa. Zuga na zuwa ta danna fatar, sandar ta sauka, awo ya ƙaru. Linzami ne sak, sai iska ta iso yake sakin mai. "Linzamin mai" nake so a kira shi.

Ga yadda kalmomin za su yi aiki a bakin mai gyara. Mota ta zo da baƙin hayaƙi, wato rinjayen mai. Kar a fara da famfo, don sau da yawa iska ce ta ragu, awon yana nan yadda yake. Filtar iska tukuna, ƙurar hunturu ba ta ɗaukar lokaci take toshe ta. Sai a toshe bakin turbo, a hura iska bar 1 cikin tiyoyin, a bi koliye-koliye da radiyatan iska da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan zuga ke fita. A wanke bayan radiyatan iskar sosai. A zafin watan Afrilu da Mayu, iskar digiri 40 idan turbo ya matse ta bar 1 tana fitowa wajen digiri 135, radiyatan ne ke sauko da ita kusa da 60. In ƙura ta like shi, mano, agogon zuga, zai nuna zuga daidai amma nauyin iskar ya ragu. Bayan nan a duba tazarar bawul, a gwada anjektar a benci a ga ko suna buɗewa a matsin da littafin injin ya faɗa, ko suna ɗiga. Sai kalaj ɗin famfo, wato saitin lokacin feshi, domin feshin da ya makara shi ma yana kawo hayaƙi da zafi.

Hayaƙin ma yana faɗin inda matsalar take. In yana fita ne kawai a lokacin tashi, ya washe da turbo ya kama, linzami ne ya yi sako-sako: a ɗaure sifirin ɗin kaɗan. In yana nan har a tsakiyar hawa da zuga cikakkiya, sukurun cikakken awo ne aka buɗe da yawa. In kuma ba hayaƙi, ba ƙarfi, a duba siririn tiyon nan ko fatar ta yage, don linzamin da bai ji zuga ba ba zai taɓa saki ba.

Wurin juya sukurun: a yi masa alama da fenti, a juya kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a ɗaure noti, a fita gwaji da kaya. Ba a gyara awo a mota wofi tana tsaye.

Mai gyaran lantarkin mota, Birni:
Na yarda da duka huɗun. Sababbin motoci masu komon rel ba su da sukuru ko gwangwani, kwamfutar injin ce ke karanta zuga da zafin iska ta yanke awo, amma aikin linzamin yana cikinta a rubuce, don haka kalmar ta hau. A can abin da ke jawo rinjayen mai yawanci kaptar zuga ce, na'urar da ke auna wa kwamfutar zuga, da kunkunniya ta like, ko bawul ɗin EGR da ya maƙale a buɗe yana mayar da hayaƙi inda ake bukatar iska.

Abu ɗaya nake ƙi: kar a ce "rinjayen iska" laifi ne a injin gazuwal. Halinsa ke nan kullum. In ƙarfi ya ragu don mai bai isa ba, "awo ya gaza" ya fi dacewa.

Malamin kanikanci, Sabon Gari:
Na janye kunu. Abin da zan rubuta ke nan: awon mai, rinjayen mai, zuga, linzamin mai. Rinjayen iska zan bar shi ga darasin isansi, a gazuwal a ce awo ya gaza, kamar yadda ɗan'uwa na Birni ya gyara. Allah Ya saka da alheri. Saura "pirometir", agogon zafin hayaƙi. A bar shi haka, ko kuna da abin da ya fi?

Mai gyaran famfon gazuwal, Zango:
Agogon zafin hayaƙi ya isa, Malam, amma a rubuta wurin da aka soka shi. Kafin turbo, a manifol ɗin hayaƙi, kar a bar shi ya daɗe sama da digiri 650 zuwa 700 a hawa. Bayan turbo yana nuna ƙasa da haka da digiri 100 zuwa 150, mai gani ya ɗauka lafiya alhali fistan na cin wuta. Sannan duk mai taɓa sukurun cikakken awo a famfon Bosch samfurin VE ya cire tiyon bakin turbo, ya ajiye faffaɗan katako a kusa. In sukurun ya wuce iyaka inji na iya ƙwacewa da gudu, kuma hanya mafi tabbas ta tsayar da shi ita ce a rufe masa iska da katakon nan. Ba da tafin hannu ba, ba kuma da tsumma ba, turbo zai zuƙe shi.