Zargin cin zarafi da zargin hure wa yara kunne a kotun iyali: abin da kowannenmu ya gani

Uwar Uku, arewacin Ingila

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina cikin shari'ar riƙon yara da tsohon mijina a kotun iyali a nan Ingila, kuma na san a cikinmu akwai waɗanda suka riga ni bin wannan hanya. Duka da tsoratarwa ne suka fitar da ni daga gidansa, na kuma rubuta hakan a takardar C1A, wadda a cikinta ake bayyana cutarwar da mutum ya fuskanta. Amsar da ya bayar ita ce bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ni ce dai nake hure wa yaran kunne ina cusa musu ƙiyayyarsa, shi ya sa babbar, mai shekara 11, take ƙin shiga motarsa ranar Asabar. Yarinyar nan tana tsaye a bakin ƙofar kicin ranar da ya shaƙe ni har maƙwabta suka kira 'yan sanda. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne tun da aka ambaci hure kunne, sai tambayoyin suka juyo kaina: me nake faɗa musu kafin su kwanta, me ya sa ban tilasta mata ta bi shi ba. Ina roƙon duk wanda ya shiga irin wannan hali, uwa ko uba, ya faɗi abin da ya gani da idonsa, amma kada a ambaci sunan kowa, domin doka ta hana bayyana yaran da ke cikin shari'a.

Tafinta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kawo miki mafita. Na daɗe ina aikin tafinta a kotunan iyali, ba zan taɓa shari'ar kowa ba, amma zan faɗi abin da na ga yana maimaituwa.

Abu mafi muhimmanci shi ne wane zargi aka fara saurara. Akwai ƙa'idar kotu da ake kira 12J, wadda ta ɗora wa alƙali ya duba ko ana bukatar zama na musamman domin tantance gaskiyar zargin cin zarafi kafin a yanke yadda yara za su riƙa ganin iyayensu. A wannan zama ba a neman hujja irin ta shari'ar manyan laifuka, ana duba ne ko faruwar abin ta fi rinjaye a kan rashin faruwarsa. Inda aka yi wannan zama tun farko, na ga maganar hure kunne tana samun matsayinta na gaskiya, domin idan an tabbatar yaro ya ga ana dukan uwarsa, to ƙin zuwansa yana da dalili a fili. Inda aka tsallake shi kuwa, aka ce a bar abin da ya wuce a fuskanci gaba, sai ka tarar ƙin yaron ya zama shi ne laifin da ake bincike, uwar kuma ta zama wadda ake tuhuma. A watan Disamba na 2024 majalisar da ke ba kotunan iyali shawara a Ingila da Wales ta fitar da jagora a kan wannan, ta ce sai an tabbatar da abubuwa uku: yaron yana ƙin mahaifin, ƙin bai samo asali daga halin mahaifin kansa ko wani dalili daban ba, sannan ɗayan mahaifin ya aikata wani abu da ya haifar da ƙin. Ta kuma ce alƙali ne zai yanke wannan bisa hujja, ba masanin halayyar ɗan Adam ba. Ki tabbata lauyarki ta riƙe wannan da kyau.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu Hausawa, wanda yake ci mini rai ƙwarai. Jami'in Cafcass, wato hukumar da ke rubuta wa kotu rahoto a kan halin da yara suke ciki, yana zuwa ne ya zauna da iyali na ɗan lokaci ya rubuta abin da ya gani. Uwa Bahaushiya ba ta kiran sunan 'yar farinta, ba ta rungumarta a gaban baƙo, sai a rubuta cewa akwai sanyi a tsakaninsu. Yaro ya durƙusa ya gaida mahaifinsa idonsa a ƙasa, sai a rubuta cewa tsoro ne, ko kuma a ce an koya masa nuna tsoro. Mace tana ba da labarin abin da aka yi mata a ɗaki, kunya ta hana ta ɗaga kai, tana ta kewaye-kewaye ba ta ambaci abin da sunansa ba, ni kuma ba ni da ikon ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ta faɗa. Na sha fita daga kotu zuciyata tana ƙuna saboda na fahimci abin da ake nufi, alƙali bai fahimta ba. Don haka ki bayyana waɗannan al'adu a rubuce tun kafin a yi musu wata fassara, kuma ki cire kunya ki faɗi abin da ya faru ƙarara.

Uba a Amurka

Malama Uwar Uku, ina yi miki jaje, kuma ba na shakkar maganarki. Amma tunda kin ce uba ma ya yi magana, zan faɗi nawa. Bayan mun rabu da uwar 'yata, an zarge ni da cutar da yarinyar. Hukumar kare yara ta jiharmu ta yi bincike, aka kai ta wurin likita, aka yi hira da ita a keɓe, a ƙarshe aka rufe fayil ba a samu komai ba. Sai dai kafin a kai ga haka ina ganinta ne kawai a wata cibiya, a ɗaki mai kujerun roba, wata ma'aikaciya tana zaune a gefe tana rubutu, kuma ni nake biyan kuɗin kowace awa. Yarinyar da a da take barci a kafaɗata a hanyar dawowa daga masallaci ta koma tana faɗa mini kalmomin da ba na bakin mai shekara 6 ba ne, tana cewa ni "haɗari ne ga lafiyarta". Wannan ba maganar yaro ba ce, kowa ya ji ya sani.

Na karanta tarihin wannan magana ta hure kunne daga baya. Wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Richard Gardner, shi ya fito da hure kunne a 1985 a matsayin wata cuta da uwa ke sa wa yaro, kuma manyan ƙungiyoyin likitoci ba su karɓe shi a matsayin cuta ba. Ni ma ban ce cuta ba ce. Abin da na sani shi ne ana iya zuga yaro ya juya wa mahaifinsa baya, domin a kaina ya faru. Duk da haka na yarda da Malam Tafinta a kan a fara binciken zargin cin zarafi, saboda binciken ne ya wanke ni. Jinkirinsa ne ya cuce ni, domin a cikin watannin da aka ɓata ne yarinyar ta saba da rashina.

'Yar'uwarku a Landan

Yaya, na bi wannan hanya har ƙarshenta, kuma sai da aka karɓe mini yara na wani lokaci kafin su dawo. An kawo wata ƙwararriya ta rubuta rahoto a kanmu tun ba a saurari zargin da na yi ba. Duk abin da na yi na kare su sai ya zama hujja a kaina. Na kai ɗana wurin likita saboda ya koma fitsarin kwance duk daren da zai je gidan babansa, aka ce ina tara takardu ne. Na ƙi amincewa ya tafi da su gida hutu, aka ce ina raba su da danginsu, alhali dalilina shi ne Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1980 wadda a ƙarƙashinta ake dawo da yaran da aka tsallaka da su wata ƙasa, kuma ya sha gaya mini cewa ranar da suka sauka a Kano na gama ganinsu. Har lauyata ta farko ta ba ni shawarar in rage maganar duka, wai kada a ɗauke ni mai taurin kai. Ban bi ba, na sauya lauya, kuma a ɗaukaka ƙara ne aka umarci a koma a yi zaman tantancewa, inda aka tabbatar da yawancin abin da na faɗa.

Ba ni kaɗai ba ce. Rahoton da Ma'aikatar Shari'a ta fitar a watan Yuni na 2020, bayan ta karɓi bayanai fiye da 1,200, ya amince cewa kotunan sun ɗauki ganawa da iyaye biyu da muhimmancin da har yakan danne zargin cutarwa, kuma zargin hure kunne yana sa a daina sauraron yara. A Amurka ma binciken Farfesa Joan Meier na 2019 ya nuna cewa idan uwa ta yi zargin cin zarafi uba kuma ya mayar da zargin hure kunne, yiwuwar ta rasa riƙon yaran yana kusan ninkawa. A 2023 Reem Alsalem, wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan cin zarafin mata, ta kai wa majalisar rahoto tana neman ƙasashe su hana amfani da wannan zargi, Sifaniya kuwa ta riga ta hana shi a dokarta ta 2021. Kuma duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya san Claire Throssell, wadda mahaifin 'ya'yanta Jack da Paul ya cinna wa gida wuta suna ciki a 2014, a lokacin ziyarar da kotu ta amince masa, bayan ta sha yin gargaɗi. Ɗan'uwa na Amurka, na ji zafin abin da aka yi maka, amma idan kotu ta yi kuskure ta ɓangarenmu, wani lokaci gawa ake ɗauka.

Ki nemi tallafin lauya na gwamnati, domin tun 2013 da aka janye shi daga yawancin shari'un iyali an bar ƙofa ga mai shaidar cin zarafi, kuma takardar likitanki ko ta gidan mafaka tana iya isa. Dokar ƙasar nan ta 2021 a kan cin zarafi a cikin gida ta kuma hana shi ya yi miki tambayoyi da bakinsa a kotu idan akwai irin wannan shaida, kina da damar neman a sa labule a tsakaninku da ɗakin jira na daban.

Uba a Amurka

Hajiya, ban musa ba. A nan ma sai da aka kashe wata yarinya mai shekara 7, Kayden Mancuso, a jihar Pennsylvania a 2018 a hannun mahaifinta lokacin ziyara, sannan aka yi dokar da ke ɗauke da sunanta a 2022. Roƙona kawai shi ne idan bincike ya wanke mutum, a gaggauta gyara abin da ya ɓaci, kada a bar shi da takardar wankewa a hannu ba ɗa.

Wadda ta tashi a Kano

Ni ba uwa ba ce a wannan magana, ni ce yarinyar. Ba a kai iyayena kotu ba ma. Ana yaye ni aka zo aka ɗauke ni zuwa gidan babana, duk da cewa a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kamar yadda yake a Risala, uwa ce ke da haƙƙin riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, idan uwar ta yi wani aure riƙon ya koma ga kaka ta wajen uwa. Mahaifiyata ba ta san da wannan haƙƙi ba, danginta kuma suka ce 'ya'ya na uba ne, ta yi haƙuri. Na tashi ana gaya mini cewa ta gudu ta bar ni saboda son duniya. Idan ta aiko da kayan salla ba a ba ni, na taɓa ganin atamfar da ta aiko a jikin 'yar matar babana, ban san tawa ba ce sai da na girma. Ranar da ta zo makarantarmu na ɓuya a bayan aji saboda an ce za ta sace ni. Sai bayan na yi aure gwaggona ta faɗa mini cewa da karyayyen hannu mahaifiyata ta bar gidan.

Na kawo wannan ne domin a gidanmu abubuwan biyu duk sun faru, kuma mutum ɗaya ne ya yi su: shi ya yi dukan, shi ya hure kunnen. Ruwa ba ya tsami banza, yaron da ya ƙi mahaifinsa yana da dalili, amma ba za a san dalilin ba sai an zauna da shi a natse, ba a gaban wanda yake tsoro ba, ba kuma sau ɗaya ba. Da a lokacin wani ya tambaye ni, da na ce ba na son uwata, kuma da gaske nake. Da ya ƙara tambayata me ta yi mini, da ba ni da amsa ko ɗaya sai abin da aka faɗa mini. 'Yarki kuwa, Yaya, idan aka yi mata tambaya ta biyun, tana da abin da ta gani a bakin ƙofar kicin.

Uwar Uku, arewacin Ingila

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi magana da lauyata, za ta nemi a sa ranar zaman tantancewa kafin a kawo kowane ƙwararre, za ta kuma nemi kotu ta umarci 'yan sanda su miƙa bayanan kiran da maƙwabta suka yi. Ƙananan biyun suna ci gaba da ganin babansu a cibiya, ban hana ba kuma ba na zaginsa a gabansu. Malam Tafinta, ina da tambaya guda: bayanin kunyar 'yar fari da ka ambata, a cikin takardar shaidata zan sa shi, ko kuwa jami'in Cafcass zan faɗa wa kai tsaye ranar da zai zo gida?

Tafinta

Ki yi duka biyun, 'yar'uwa. Ki faɗa masa tun kafin ya zauna da yaran, sannan ki sa shi a takardar shaidarki a taƙaice, domin alƙalin da zai karanta rahoton ba zai kasance a falonku ba ranar. Idan kina jin Hausa ta fi miki sauƙin faɗin abin da ya faru, ki sanar da kotu da wuri cewa kina bukatar tafinta, kuma kina iya neman a kawo miki mace.