Jaririyata tana kwana tana kuka

Maijego: Assalamu alaikum, iyayena. Yau kwana 12 da na sauka a nan Maradi. Jaririyata tana yini tana barci, amma da dare ya raba sai ta farka da kuka, kuma surukata ta ce in ba ta ruwa saboda zafi. Me kuka gani?

Inna ungozoma: Barka da arziki, ɗiyata. Jariri yakan yi barcin awa 14 zuwa 17 amma a rarrabe, domin cikinsa ƙarami ne, yunwa tana tashinsa bayan awa 2 ko 3. Kada ki ba ta ruwa, nono kaɗai ya wadatar har wata 6.

Maman ƴan biyu: Ƴar'uwa, ki riƙa kwantar da ita rigingine cikin sange, ba tare da matashi ba. Idan jikinta ya yi zafi ko ta ƙi kama nono, ku tafi asibiti nan take.