Abin da na tsinta kan goge fayil ta yadda ba zai dawo ba

Mun daɗe muna tattaunawa da wasu masu gyaran kwamfuta kan wannan batu, ga abin da na riƙe.

Kowa ya yarda cewa danna gogewa ba ya kawar da fayil. Sunansa kawai ake cirewa daga jeri, shi kuwa yana nan kwance har sai wani abu ya hau kansa. Shi ya sa manhajoji irin su Recuva da PhotoRec ke tono hotunan da aka manta da su.

A tsohon faifan ajiyar kwamfuta mai juyawa, wato hard disk, maganin shi ne a rubuta sifiri a kan ko'ina. An yi gardama kan sau nawa. Wasu sun kawo tsarin Peter Gutmann na 1996, mai maimaitawa sau 35, amma mafi yawa sun ce sau ɗaya ya wadatar a faifai mai juyawa na zamani, kuma ni ma nan na tsaya.

SSD kuwa, wato faifan ajiya da ba ya juyawa, daban yake, domin yana rarraba rubutu zuwa wurare daban-daban, don haka ragowar bayanai na iya ɓoyewa. A nan sai a yi amfani da umarnin gogewa na kamfanin da ya ƙera shi.

Shawarar da ta fi burge ni: a kulle faifan tun ranar farko da BitLocker ko VeraCrypt, manhajojin da ke rikita bayanai ta yadda sai da mabuɗin sirri ake karanta su. In mabuɗin ya tafi, abin da ya rage ba ya karantuwa.

Mai shirin sayar da wayarsa kuma, don Allah ya cire katin memori. Faifan da ya mutu, a huda shi kafin a yar.