Kuɗin korona da Baba ya karɓa: kyauta ne ko bashi?

Abu Hafsat: Salamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kan mahaifina, manomi ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Kazaure. A 2020, lokacin kulle, wani ɗan garinmu mai kwamfuta ya bi gida-gida yana karɓar lambar BVN, wai gwamnati na raba wa manoma tallafin korona. Can sai naira dubu 400 suka faɗo asusun Baba. Da magariba mutumin ya zo ya ce dubu 150 nasa ne da na "mutanen sama". A zaure Baba ya ƙirga masa, ina tsaye. Da sauran ya sayi taki da injin ban ruwa da awaki biyu.

Yanzu saƙo ya shigo wayarsa, ana binsa dubu 400 har da ƙari. Ya ce shi bai ci bashin kowa ba, kyauta aka ce masa. Tun ranar ko tuwon dare ba ya iya cinyewa. Wasu sun ce mu yi shiru za a yafe, ga kuma kuɗin gyaɗarsa na bana a asusun. Me ya dace mu yi?

Malam Na Gona: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Da alama rancen da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da shi ne a Maris 2020, wanda ya fara da naira biliyan 50, aka raba ta bankin NIRSAL ga magidanta da masu ƙananan sana'o'i. Kuɗin ruwansa ya fara da kashi 5 cikin ɗari, daga baya ya koma 9. Rance ne tun ranar farko, masu cike wa mutane fom ne suka sauya masa suna. Kada ku jira yafiya da bakin 'yan majalisar shayi. Akwai tsarin GSI, wanda ke ba banki damar cire bashinsa daga duk asusun da ke ɗauke da BVN ɗin mutum, ko a wane banki yake.

Maman Walid: Haka ya faru da maigidana, kuɗin shinkafarsa na shiga aka zare rabi. Ɗan uwa, ka ɗauki Baba da kanka ku je reshen bankin, ba wajen wakili ba. Ku nemi takardar yarjejeniyar rancen da bayanan asusun tun daga 2020, ku roƙi a raba muku biyan kaɗan-kaɗan, a daidaita shi da kaka. Kuma duk wanda ya kira a waya ya ce a tura masa kuɗi ko lambar sirri zai goge bashin, ɓarawo ne.

Ɗan Fadama: Abin da ya rikita mutane shi ne akwai na kyautar. Shirin NG-CARES, da Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 750, ya bi ta ofisoshin Fadama na jihohi, aka ba ƙungiyoyin manoma iri da taki da dabbobi. Wannan ba a biya. Na Baba daban ne.

Malam Na Gona: Sai batun dubu 150. Shi banki, Baba kaɗai ya sani, shi zai bi. Amma kai shaida ne. Ku nemi sauran waɗanda mutumin ya yi wa haka, ku je gaban dagaci tare, a sa shi ya rubuta yadda zai mayar. In ya ƙi, sai kotu.

Abu Hafsat: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tambaya, mutum bakwai ne a unguwarmu kaɗai. Na karanta wa Baba amsoshinku, ya yi shiru, sannan ya ce in dai bashi ne ba zai so ya kwanta kabari da shi ba. Litinin da sassafe za mu tafi bankin, dagaci kuma ya ce mu zo bayan sallar Juma'a.