Wa ya taɓa shiga ɗakin adana dabbobi a birni? Ina son kai ɗalibaina

Malamar Aji Shida, wajen Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da kimiyya a firamaren garinmu, kuma bana iyayen yara sun yarda a haɗa kuɗin mota mu kai 'yan aji shida birni bayan an gama girbi. Kowa gidan zoo na Audu Bako yake faɗi, kuma za mu je in sha Allahu. Amma na ji an ce a jami'o'i akwai wani ɗaki daban inda ake adana dabbobin da suka mutu: ƙasusuwa, fatu, macizai a kwalba, ƙwari a akwati. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga irinsa, ko a ina ne, ya faɗa min abin da ya gani, da kuma ko ya dace da yara 'yan shekara 11 zuwa 12.

Ɗan Fadama, Kirikasamma:
Wa alaikumus salam Malama. Ni nazarin halittu na karanta, kuma a sashenmu akwai irin ɗakin nan. Abin da zai fara tarbarki shi ne wari. Fomalin ne da sifirit da ake jiƙa dabbobin a ciki don kada su ruɓe, ga kuma kafur da ake sa wa akwatunan ƙwari. Kanta-kanta ne cike da kwalabe: kifaye, kwaɗi, ƙadangaru, jemagu. Ƙwari irin su fara da malam-buɗe-littafi an soke su da allura a jere, kowanne da 'yar takardarsa.

Amma ranar da na san darajar wurin ita ce ranar da Baba ya zo bikin kammala karatunmu na shigar da shi. Baba masunci ne, a fadamar Haɗejiya ya yi rayuwarsa duka. Bai duba takarda ko ɗaya ba, ya dinga bin tsuntsayen yana kiran su: ga dinya, ga kirinjijiya, ga zalɓe, ga jan baki mai cinye mana shinkafa. Da ya iso gaban gauraka sai ya tsaya. Ya ce suna samari bibbiyu ake ganin su suna rawa a bakin ruwa, kukansu ne ke tashe su da asuba, yanzu kuwa ya manta rabonsa da ganin ko guda. Ma'aikacin ɗakin ya ɗauko littafi yana rubuta abin da Baba ke faɗi game da lokacin da kowane tsuntsu ke zuwa da inda yake yin ƙwai. Malama, ki kai su. Yaranmu da yawa ba za su ga gauraka a daji ba, don da ƙyar ake samun ta a Najeriya yanzu.

Ma'aikacin Shan Magani, wajen Doguwa:
Malama, in kun shiga, ki tsayar da su a gaban kwalaben macizai, ko da shi kaɗai za su gani. Lokacin da muke makarantar kiwon lafiya aka kai mu, kuma har yau ina cin amfanin wannan ziyara. A nan muna bakin dajin Falgore, damina ba ta wucewa ba a kawo mana wanda maciji ya sara ba.

Yara suna tsoron mesa saboda girmanta, alhali mesa ba ta da dafi. Kububuwa ce abin tsoro, kuma in kika gan ta a kwalba za ki yi mamakin ƙanƙantarta, galibi ba ta wuce kamu ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, launinta na ƙasa da ɗigo-ɗigo, ta saje da busasshen ganye. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai ki ga dasashin mutum na zubar da jini bayan sa'o'i. Yawancin waɗanda ake kaiwa asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe ita ce ta sare su. A daji ba wanda zai tsaya ya ƙare mata kallo, amma a kwalba yaro zai ga kanta da zanen bayanta, ya bambanta ta da kasa mai kauri da gamsheƙa mai tofi a ido. Waɗannan yaran su ne ke kwashe damin gero da karan dawa da hannu, ƙafa ba takalmi. Ki kuma jaddada musu: ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau, asibiti ake nufa.

Maman Sadiya, Gezawa:
Ni dai gaskiya ban ji daɗi ba. Mun raka 'yan makarantar su Sadiya wani wuri a birni, muka tarar a kulle, mai makulli ba ya nan. Yara suka yi ta zama a rana har azahar. Da aka buɗe kuma, ƙura ta rufe gilasan, ruwan wasu kwalaben ya ƙafe har abin ciki ya bushe, ba kuma wanda ya yi mana bayani. Yarinya ɗaya warin ya sa ta amai. Ban ce kada ki je ba, amma kada ki ɗebi 'ya'yan mutane sai kin tabbatar ana jiran ku.

Baba Majemi, Wudil:
'Yata, ni ba ɗan boko ba ne, jikana ne ke rubuta min. Jima muka gada kaka da kakanni. Ɗana ya kai ni Yankari, a can akwai ɗakin da suka tara fatu da ƙahoni da hauren giwa da kayan farautar da aka ƙwace a hannun masu shiga daji ba izini. Daga baya kuma na ga dabbobin da aka cusa aka tsayar da su a wani ɗaki a birni. Mutane na kallon fuska, ni kuwa na durƙusa ina neman ɗinki. A ƙarƙashin ciki na same shi, siriri, an bi kwanciyar gashi an ɓoye shi. Mu in za mu jeme fata sai mun cire gashin tukuna, sannan ta sha bagaruwa. Su kuwa gashin suke so ya zauna daram, sai su feɗe a hankali har leɓe da fatar ido, su gyara ta, su ɗora a kan wani jiki da suka ƙera daidai da na dabbar, idon kuma na gilashi ne. Wanda ya yi wata barewa da na gani, gwani ne, na yi masa addu'a ko ban san shi ba. Sai dai kunnuwan sun fara tsagewa, hunturu ne ya busar da su, kuma na ga alamar asu a wuya. Fata amana ce, in ba a duba ta lalacewa take yi. Ki nuna wa yaran ɗinkin nan, su san aikin hannu ne.

Alhaji na Maigatari:
Ni a Yamai na gani, lokacin da nake kai-komo kan harkar dabbobi. Gidan tarihin Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959, ya haɗa gidan zoo da kayan tarihi wuri guda. A nan na ga ƙasusuwan dabbobin zamanin da waɗanda aka tono a hamadar Nijar, wajen Gadoufaoua a yankin Agadas. Akwai wani kada da kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum, masana sun ce ya rayu sama da shekara miliyan 100 da suka wuce. Na tsaya ina tasbihi, wai inda yau ba komai sai rairayi, a da koguna ne masu ɗauke da irin wannan halitta. A gidan ne kuma suka ajiye gungumen bishiyar Tenere, wadda take tsaye ita kaɗai a tsakiyar hamada har mota ta buge ta a 1973. Ya yi wa 'yan firamare nisa, na sani, amma ki ba su labari.

Ɗan Fadama, Kirikasamma:
Alhaji ya tuna min. Ba sai Nijar ba, a ƙasar Sakkwato ma an tono ƙasusuwan wata dabbar teku a yankin Goronyo, shaidar cewa ruwan teku ya taɓa ratsa wannan yanki. Kuma Mama, abin da kika faɗa gaskiya ne, yana faruwa. Ɗakunan nan don koyar da ɗaliban jami'a aka yi su, ba kullum ake buɗe wa baƙi ba, kuma sifirit yana ƙafewa in ba a ƙarawa.

Mai Bautar Ƙasa, Dambatta:
A Jihar Osun na yi bautar ƙasa, kuma mun kai ɗalibai gidan tarihin halittu na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife. Gini ne guda aka ware masa, akwai tsuntsaye da ƙwari da duwatsu da busassun tsirrai. Abin da jagoranmu ya fi nanatawa shi ne 'yar takardar nan da ke jikin kowane abu: inda aka samo shi, ranar da aka samo, da wanda ya samo. Ya ce da ita ake gane cewa wata dabba ta taɓa zama a wani daji da yau ya koma gona. Da muka koma makaranta yaran suka fara nasu da kwalin takalmi, suna tara gashin tsuntsu da ƙwari da saɓar maciji, kowanne da takardarsa. Naki yaran ma sun fi su samun kayan tarawa.

Malamar Aji Shida, wajen Ringim:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Baba, na gode, a gaida jikan naka. Na yanke shawara za mu fara da ɗakin adanawa da safe, sannan gidan zoo bayan azahar. Zan kuma roƙi sarkin bakan garinmu ya raka mu, don ya san dajin nan tun ana ganin gada da barewa a bayan gari. Ɗan Fadama, wa ake rubuta wa takarda?

Ɗan Fadama, Kirikasamma:
Shugaban sashen nazarin halittu, Malama, da sa hannun hedimasta da hatimin makaranta. Ki kai da kanki tun da sauran makonni, ki karɓi lambar ma'aikacin da ke riƙe da makulli, ki kira shi ana gobe za ku zo. Ranar aiki za ku je, ban da Juma'a, kuma ki kauce wa lokacin jarrabawa. Ki raba yaran goma-goma don ɗakunan ba su da faɗi, a buɗe tagogi kafin su shiga, mai ciwon asma kuma ya tsaya kusa da ƙofa.