Masu ba da shawarar zuba jari, ya kuke yi idan kamasho ya ja ku wani wajen?

Ɗan Jekadafari:
Salamu alaikum. Ina aiki da wani kamfanin zuba jari a nan Gombe. Duk wata ana yanka mana adadin kuɗin da za mu shigo da shi, kuma kamashon wasu asusun ya fi na wasu tsoka. To ga wani abokin mahaifina, tsohon malamin makaranta, giratutinsa ya fito. Ya zo har ofis da takardun a cikin leda, ya ce, "Ɗana, yadda ka ce haka za a yi." Ni a ganina sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari mai bin tsarin Musulunci, shi ne ya dace da shi, amma asusun hannun jari ne zai cika mini adadina. Ba damfara ba ce, kamfaninmu na da rajistar SEC, hukumar da ke sa ido a kan harkar hannun jari. Sai dai zuciyata ta ƙi kwanciya. Manya, ina mafita?

Tsohon dillali, Bauchi:
Ƙanena, mu mun ga 2008 da idonmu. Bankuna suna ba mutane bashi su sayi hannun jari, wani lokacin ma na bankin da ya ba da bashin. Kasuwa ta kai ƙololuwa a watan Maris na shekarar, daga nan ta kife. A watan Agustan 2009 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. A Legas labarin jarida ne. A nan kuwa akwai abokan aikinmu da suka daina bi ta kasuwar Wunti, saboda wanda ya sayar da filinsa a kan maganarsu yana zaune bakin rumfa. Garin da za ku haɗu a masallaci, ku haɗu wurin suna da jana'iza, ba a yi wa dattijo haka. Kafin komai tambaye shi yaushe zai buƙaci kuɗin. In akwai aurar da 'ya ko kujerar Makka nan da shekara biyu, kada kobonsa ya shiga hannun jari. Kuma ka faɗa masa nawa kake samu a kan kowanne.

Wata ma'aikaciyar banki, Tunfure:
Baba, na yarda, amma kada a mai da sukuk tamkar ba ya da aibu. Na farko da aka fitar a 2017, na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, yana biyan kashi 16.47 a shekara, na tsawon shekara bakwai. Wanda ya shiga ya karɓi uwar kuɗinsa cif a 2024, gaskiya ne, amma a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 34, dala kuma ta wuce naira 1,500. Kuɗin sun dawo, ƙarfinsu bai dawo ba. Wannan ma haƙƙinsa ne ya sani. Ni da zan raba masa, kaso mafi yawa a sukuk.

Mai hatsi, Tudun Hatsi:
Ku dai masu ofis kuna da Turanci da yawa. Mu abin da muke tambaya ɗaya ne: nawa zan samu a wata? In ka ce ba ka da tabbas, sai mutum ya tashi ya tafi wurin mai tabbas, irin su MMM a 2016 da CBEX a 2025, tsare-tsaren damfara da suka nutse da kuɗin jama'a. Ka yi masa bayani da buhun wake: ana saye da kaka, ana ajiyewa, wata shekarar a ci riba, wata a yi kuka. Zai gane.

Ɗan Jekadafari:
Na gode ƙwarai. Akwai bikin autarsa bayan babbar sallah, don haka maganar hannun jari ta kau a kan rabin kuɗin. Batun faɗa masa kamasho ne nake jin manajanmu ba zai so ba.

Tsohon dillali, Bauchi:
Ba sai ka nemi izininsa ba. Rubuta shi a takarda, ka ba Malam, ka ajiye kwafi a fayil.